Bangon da Ban Rufe Ba

Masu karatu, ku yi min afuwa, yau babu doguwar gaisuwa. Ina zaune ne a gefen gadon Mama nake wannan rubutu, wayata jone da caji. Abin da zan faɗa muku ya riga ya fita daga hannuna, shi ya sa ma nake iya faɗarsa.

Wanda ya saba da ni ya san ni. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa yake ce min, har mai shagon bakin layi. Babanmu ya rasu ina makaranta, gidan ya rage ni da Mama, sai Yayana da ya yi aure ya kama haya can bayan tasha. Ina aiki a wata 'yar jaridar intanet, ɗaki biyu a saman shagon masu gyaran taya, inda in suka kunna injin iska sai teburinmu ya kama rawa. Ba na rubuta labari, ba na tsayawa gaban kyamara, sunana ma ba ya fita a shafin. Ni mai gyaran bidiyo ce. Idan mutum ya zo zai tona ɓarna yana tsoron a gane shi, ni ce ke shafe masa fuska ta koma hazo, in murɗa masa murya ta yi kauri kamar mai magana daga cikin tanki. Ina bin fuskar nan hoto bayan hoto, duk inda kai ya juya hazon ya bi shi, ko gefen kunne ba na bari. Na iya aikina, ba yabon kai ba.

Bidiyon nan da ya cika wayoyinku, na mutumin da ke bayanin yadda wani kamfanin rarraba magunguna ke goge ranar lalacewar magani a jikin kwali da kwalba, a buga sabuwa, a loda wa kantuna, ni na gyara shi. Mutumin da ke cikin hazon kuma Yayana ne. Shi ne mai kula da sito a kamfanin. Ya daɗe yana haɗiye abin yana ramewa, sai da cikin matarsa ya tsufa, ya ga an shigo da kwalayen maganin zazzaɓin yara za a yi musu wannan aika-aika, sannan ya kira ni ya ce ya gaji.

A ofis muna da ƙa'ida. Duk mai tona asiri a ɗakin baya ake ɗaukarsa, farin ƙyalle a bayansa, a sa masa wata ƙatuwar rigar aro da muke ajiyewa don kada a gane tufarsa. Yaya ya ce ko da wuƙa a wuyansa ba zai hau benen nan ba, domin direbobin kamfaninsu a shagon ƙasa suke yin faci. Sai na ɗauko kyamara da rigar aron na kawo gida, wata safiya da Mama ta tafi dubiya asibiti. Na zaunar da shi a falo, kan kujerar jikin bango, inda haske ya fi kyau. Farin ƙyallen ne na baro a ofis. Na ce a raina, bango ai bango ne.

Sai Dogo. Shi ne wanda nake shirin aura. In zai shigo falonmu sai ya sunkuya, guga a jikin kayansa kamar za ta yanke ka, turarensa kuma yakan kwana a matashin kujera. Mama ba ta ce masa komai sai "ɗana", in ya zo kofin gilashin da ba ta bari kowa ya taɓa take fito masa da shi. A wannan kamfanin yake aiki shi ma, shi ne mai kula da shafukansu na intanet: in an zage su ya share, in an yabe su ya ƙara gishiri. Baffansa da ya riƙe shi tun yana ƙarami shi ne Manajan kamfanin gaba ɗaya. Tun farko muka yi yarjejeniya ni da Dogo, aikinsa nasa, nawa nawa, ba a kawo su zance. A wurin danginsa ma ni mai gyaran bidiyon biki ce, haka ya gaya musu. Kada ku tambaye ni yadda aka yi na taya Yaya tona kamfanin mutumin da zan aura. Na tambayi kaina. Amsar dai ita ce na yarda da hannuna fiye da kima. Kuma Asabar ɗin nan aka sa manyansa za su zo su gana da namu.

Ranar Alhamis ina ofis ina tsoma biskit a shayi, saƙonsa ya shigo. Hoto ne da aka tsayar daga cikin bidiyon. Ya zana jar da'ira, amma ba a kan fuskar ba. Can sama, a kusurwa. Ƙasan hoton ya rubuta: "Zan zo da la'asar. Ki fito waje, ba zan shigo falo ba."

Na buɗe hoton da yatsu biyu. Biskit ɗin ya narke ya faɗa cikin kofi ban sani ba.

Da na koma gida Mama ta ji cewa Dogo yana zuwa, nan take ta hau ni da faɗa kan doguwar rigar da ke jikina, wai ta koɗe, mace mai shirin karɓar baƙi ba ta fita wurin miji kamar wadda aka koro daga aiki. Ta ciro min atamfar nan mai ruwan zuma da mayafi ruwan madara, ta tsaya a kaina sai da na shafa hoda. Ta ƙara da karatun da take min kullum: in an gama maganar Asabar, aikin nan na tonon faɗa in ajiye shi, yaron kirki ya samu, kada in kore shi da rawar kai. Na ce to. Ban taɓa cewa to da sauri haka ba, har ta bi ni da kallo.

A mota bai ce na yi kyau ba, alhali ita ce gaisuwarsa. Ya kashe rediyo, ya ɗora wayarsa a tsakaninmu.

"Tabon ruwan nan mai kama da kan akuya," ya ce, "da gindin agogon nan da ya tsaya tun kafin in san ki. Falon wa ne?"

Na yi ta maza na ce gidaje nawa ne rufinsu ke yoyo a garin nan.

"Auta." Ya kira sunan a hankali, irin yadda likita ke yi kafin ya faɗi sakamako. "Ke kina ɗaki kina gwada ɗankwali, ni ina kujera ina jiranki. Me kike zaton nake kallo? Fuskarki ma ban kalle ta yadda na kalli bangon nan ba, don ita kunyarta nake ji."

Wallahi masu karatu, na kalli bidiyon nan har idona ya yi ja kafin mu sake shi, amma fuskar nake kallo. Tabon kuwa tun ina rarrafe yake wurin, idona ya daina ganinsa kamar yadda mutum ba ya ganin hancinsa.

Bai tambaye ni ko waye a cikin hazon ba. Ya ce ma'aikacin kamfaninsu ɗaya ne tak zai iya zama a falonmu ya saki jiki haka. Sannan ya zayyana min yadda abin yake, yana kallon gilashin gaba. Baffansa ya ɗora masa aiki biyu: ya saukar da bidiyon daga intanet, ko ya nemo mai maganar. Lauyoyi sun riga sun shirya. Duk wanda aka kama, ba kora kawai za a yi masa ba, a kansa za a juye laifin gaba ɗaya, a ce shi ke sauya kwanan watan a ɓoye, da ya ga za a gano shi ya ruga wurin 'yan jarida. In kuwa mai sito ne, an gama, domin duk kwalin da ya fita da sa hannunsa ya fita. Gidan yari ake magana.

Na ce ai ya san ƙarya ce.

Ya ce shi ba a ɗauke shi aiki don ya san gaskiya ba. Ya murza goshinsa, sannan ya faɗi wadda ta fi duka. Baffa kullum da safe sai ya kalli bidiyon, yana tsayarwa yana matsowa, ya haddace shi kamar karatu. Kuma Baffa ne zai jagoranci masu zuwa ranar Asabar. A falonmu za a zaunar da shi.

"Ki sauke shi," ya ce. "In ya sauka, zan ce masa na gama aikina, hankalinsa ya bar kai. Ni ban ga komai ba, ban san komai ba."

"In ban sauke ba fa?"

Ya juyo ya dube ni, karon farko tun da na shigo motar. Idonsa ya faɗa, da alama shi ma ba barcin kirki yake ba.

"Kada ki sa ni in san amsar wannan," ya ce.

Da safiyar Juma'a na riga kowa zuwa ofis, na jira Edita. Tsohon ɗan jarida ne tun zamanin takarda, jaridarsu ta mutu ta bar shi da tari da tabarau mai igiya. A ofis shi kaɗai ya san waye a bidiyon. Na nuna masa jar da'irar, na jira ya zage ni. Bai zage ni ba, da ma ya yi. Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya ce shi ma ya kalla kafin a saki, shi ma fuskar ya kalla.

Na kawo shawarar in shafe bangon in sake ɗora sabo a madadin tsohon. Ya girgiza kai. Ya ce mutane sun riga sun sauke na farkon a wayoyinsu, yana yawo a guruf-guruf. Da zarar mun sauya, wani mai zaman banza da data zai jera biyun gefe da gefe ya tambayi duniya me ke jikin bangon nan da ake ɓoyewa, kafin azahar an fara neman gidan.

"A zamaninmu," ya ce, "in ka yi kuskure yau, gobe da rana an naɗe ƙusa da shi a kasuwa. Yanzu kuskure ba ya mutuwa, haihuwa yake yi."

Ya ce intanet ɗin nan da ya ba mu damar buga labari ba tare da roƙon izinin kowa ba, ba injin bugawa, ba mai gidan da zai kira ya ce a cire, shi ne dai ya ba kowane mutum damar tsayar da hotonmu ya ƙura masa ido har ya gaji. Ba a karɓar ɗaya a bar ɗaya. Saukewa kuma, in muka sauke, kamfanin zai ce mun janye don ƙarya muka yi, masu binciken magunguna da suka fara motsi saboda surutun jama'a su koma barci, kwalayen nan su ci gaba da tafiya kantuna. Ya juyo min da kwamfutarsa na ga gargaɗin da aka turo wa shafinmu: ɗaruruwan asusu marasa hoto, duk an buɗe su kwanan nan, sun kai ƙarar bidiyon wai yana yaɗa ƙarya. Ban tambayi daga wane ofis aka turo su ba. Na san mai guga a kayansa da ya iya irin wannan aiki.

Da zan fita Edita ya ce lambar sirrin shafin tana hannuna, kuma ba zai sauya ta ba. Ɗan'uwana ne, ba nasa ba. Wannan kalma ta fi min zagi nauyi.

A kan bene na kira Yaya, bai ɗauka ba, yana cikin sito. Can sai ga saƙon murya, yana magana ƙasa-ƙasa, ana jin ƙarar motar ɗaukar kaya a bayansa. Ya ce kada in kuskura in taɓa bidiyon. Ya ce shi ya san abin da ya hau tun ranar da ya sa rigar aron nan. Ya ƙare da tambayar ko Mama ta sani.

Amsar tana jirana a gida.

Na tarar da ita tsaye a tsakiyar falo da zanen aikin gida, ɗankwalinta ya zame ba ta gyara ba. Agogon Baba yana kife a kan kujera, inda yake a bango ya bar farar da'ira. Wayarta na hannunta. Matar maƙwabcinmu ce ta turo bidiyon a guruf ɗin matan layi, da gargaɗin a riƙa duba magani kafin a ba yara.

Mama ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na samu sauƙi.

"Ni za ki rufe wa fuskar ɗana?" ta ce. "Kafaɗarsa ta hagu da ke saukowa in yana jin tsoro, ita ma kin rufe?"

Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, ta ce in tashi, ba lokacinsa ba ne. Ta yi min tambayoyi gajeru, na ba ta amsa, har na kai kan Baffan Dogo da zuwansa gobe. Nan ta zauna a hannun kujera, ta daɗe tana kallon tabon. Ta ce shekara da shekaru tana roƙon a gyara rufin nan, ashe ajiye shi aka yi don ya ci mata 'ya'ya biyu rana ɗaya. Sannan ta ce in sauke abin nan yanzu, a gabanta. Na ce Yaya ya hana. Ta ce Yaya bai haifi kowa ba tukuna, bai san me yake faɗa ba. Na ce ko na sauke yana wayar matar maƙwabci, yana wayar kowa. Ta dube ni kamar ta kai min mari, sai kuma ta miƙe ta ɗaura ɗankwalinta da kyau ta ce in kira mata mai fenti.

Mai fenti ya zo da guntun abin da ya rage masa daga wani aiki, ruwan madara, alhali falonmu kore ne mai haske. Ya ce wannan bango ɗaya zai ishe shi, in ana son duka sai Litinin ya sayo wani. Mama ta ce ya shafe wannan ɗin, sauran su jira. Ya yi ta mita wai aikinsa zai fito kamar riga mai hannu ɗaya, a ce shi ne bai iya ba. Ya shafa, ya sake shafawa, tabon yana leƙowa ta ƙarƙashi kamar mai taurin kai, sai a shafa ta uku ya haƙura. Muka buɗe tagogi, muka juya fanka ta fuskanci bangon, Mama ta yi ta turara falon har ido na yaji. Muka ja doguwar kujera muka kawar, muka bar ƙaramar a jikin bangon don kada wurin ya yi fili da yawa.

Abu ɗaya muka yanke ni da ita: Kawu kada ya sani. Yayan Mama ne, shi zai karɓi baƙi a madadin Baba, mutumin kirki, amma cikinsa ba ya riƙe ko ruwan sanyi. In ya san magana da safe, kafin azahar masu shayin bakin titi sun sani. Mun ɗauka dabara muka yi.

Asabar da hantsi Yaya ya zo ya taya shirya kujeru, Mama ta tura shi ɗakinta ta ce ya zauna nan, in an tambaya zazzaɓi yake yi. Ni kuma aka sa ni cikin leshi ruwan hoda da Mama ta ɗinka min musamman, ɗan kunnen aurenta a kunnena, takalmi yana matse min ɗan yatsa. Ba fita zan yi ba sai an kira, amma ta ce ko a bayan labule ne a gan ni da daraja. Na tsaya a lungun da ke tsakanin falo da ɗakin Mama, inda labulen ke da 'yar tsaga.

Su huɗu suka shigo, Dogo a ƙarshe cikin farar shadda, kansa a ƙasa. Na zaci Manajan ƙato ne mai tumbi. Ashe ɗan ƙaramin tsoho ne siriri, hula daidai goshi, murya kamar ta mai lallashin jariri. Irin mutanen nan da ba sa gaggawar komai domin sun saba a jira su. Aka zaunar da shi a babbar kujera, fuskarsa na kallon sabon bango.

Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a ga Baba, aka kawo lemo da ruwa. Komai na tafiya daidai har na fara sakin numfashi. Sai Manajan ya ɗan shaƙi iska, ya yi murmushi.

"Har da fenti aka yi mana. Mun gode da karramawa." Ya juya kai hagu, ya juya dama. "Amma bango ɗaya."

Kawu ya fashe da dariya, ya gyara zama, na san an gama da mu. Ya ce ai rigimar mata ce, jiya-jiyan nan ƙanwarsa ta tashi da fitinar sai an shafe bangon nan, wai wani tsohon tabon ruwa ne a can sama take jin kunyar baƙi su gani, tabon da ya girmi Auta. Ya nuna wurin da hannu. Ya ƙara da cewa har agogon marigayi ta sauke, agogon da ko tsayawa da ya yi ba ta yarda a taɓa shi ba.

Sauran baƙin suka yi dariya. Manajan bai yi ba. A bayana na ji Mama ta kama gefen ƙofa.

Ya ajiye kofinsa a hankali, ya zaro waya daga aljihun gaba, ya sa tabarau. Babu sauti, amma daga inda nake ina hango hasken fuskar wayar, na kuma san abin da yake kallo daga yadda babban yatsansa ke tsayarwa yana matsowa. Ya dubi wayar, ya dubi inda Kawu ya nuna. Ya sake duban wayar. Kawu na ta zuba kan tsadar kayan gini, ba mai jin sa.

"Ɗana," Manajan ya ce wa Dogo, ba tare da ya juya ba, "kai ka fi mu zama a falon nan. Tabon da ake magana, yaya kamanninsa yake?"

Masu karatu, a wannan lokacin na san ban san mutumin da zan aura ba. Ban san me zai fito daga bakinsa ba, ko kusa.

"Ban taɓa lura ba, Baffa," ya ce. "Ni in na zo gidan nan kaina a ƙasa yake."

Aka sake dariya, wani ya ce yaro mai kunya, Kawu ya ce irin surukin da ake nema ke nan. Manajan ya ce haka ne, haka ne, ya kife wayar a cinyarsa. Bai mayar da ita aljihu ba.

Tawa wayar ta yi motsi a hannuna. Dogo ne, yana rubutu a ƙarƙashin hannun rigarsa.

"Na yi wa mutumin da ya raine ni ƙarya a gaban mutane saboda ke."

Wani ya biyo baya.

"Ki sauke shi yanzu. In ya sake tambayata ban san me bakina zai ce ba."

Na ja da baya na shiga ɗakin Mama. Ta biyo ni ta karanta saƙon ta kafaɗata, ta ce min da ido abin da ta faɗa jiya da baki. Na buɗe shafin, na sa lambar sirri, yatsana na kuskure ina sakewa. Bidiyon ya fito, ga wurin gogewa ja a gefensa. Ban ƙara tuna Edita ba, ban tuna kwalaye ba, ban tuna yaran kowa ba. Yayana kawai nake gani da kayan fursuna, matarsa na haihuwa ba ya nan.

Hannu ya sauko ya rufe fuskar wayar. Yaya ne, ya taso daga bakin gado.

"Ki yi tunani, Auta," ya ce a hankali. "Yana zaune a falonmu, bidiyon na buɗe a cinyarsa. In ya ɓace yanzu, wa ya gaya masa?"

Gaskiya ya faɗa. Jiya saukewa hanya ce, yau ta zama sa hannu. In na bari, Dogo na iya karyewa. In na goge, ni na ba da amsar da kaina. Mama ta zauna a ƙasa, leshinta da komai, ta rufe baki da mayafi.

Daga falo muryar nan mai laushi ta taso, tana ratsa labule kamar ba komai.

"Af, ina babban ɗan gidan ne? Ai yarona ne a wurin aiki, shi ke riƙe mana sito. A ce ina gidansu bai fito mun gaisa ba?"

Muka ji Kawu na cewa ai yana ciki, ɗan zazzaɓi ne, bari a kira shi. Ya ɗaga murya ya kira.

Mama ta riƙe ƙafar wandon Yaya. Ya sunkuya ya cire hannunta a hankali, yatsa bayan yatsa, ya ɗauki hularsa a kan gado ya sa, ya gyara ta a madubi kamar mai shirin fita masallaci. Ya ce min in matsa. Na matsa.

Ta tsagar labule na ga ya shiga da sallama, ya nufi gaban Manajan zai durƙusa a kan darduma. Tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, fuskarsa cike da fara'a.

"A'a, ba a ƙasa ba, kai da ba ka da lafiya. Hau kujerar can. Ta jikin bango."

Yaya ya tsaya jim, sannan ya je ya zauna. Manajan ya ɗauko wayar daga cinyarsa, ya ɗaga ta daidai fuskarsa, ya miƙe hannu, ya kanne ido ɗaya, yana auna mutumin da ke cikin hazo da mutumin da ke kan kujera. Bai sauke wayar ba ya ce:

"Ɗana, taso ka tsaya nan bayana. Idona ya tsufa. Zo ka duba min."

Dogo ya miƙe.